Babanmu ya fi son 'ya'yan amarya, an ce mini ai Yakubu ma haka ya yi

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Babansu mata biyu gare shi, shi ɗan uwargida ne, kuma tun suna ƙanana baban ya fi karkata ga ɗakin amarya, kuɗin makarantar 'ya'yanta ake fara biya, su ake wa ɗinki mai kyau in Kirsimeti ta zo, yanzu kuma har an fara maganar fili da gida ana ambaton sunan ƙaninsa shi kaɗai. Da ya kai kuka wurin baffansu sai baffan ya ce masa ya yi haƙuri, ai ko Yakubu ma ya fi son Yusufu a cikin 'ya'yansa maza 12 kuma Allah bai janye masa albarka ba. Shi ne yake tambaya, wai Littafi Mai Tsarki ya yarda uba ya fifita wani ɗa a kan wani? In bai yarda ba, me ya sa Allah ya ci gaba da tafiya da mutanen da suka yi hakan?

Ɗana, sannu da haƙuri. Abin da ke damunka ba ƙaramin abu ba ne, kuma kar wani ya sa ka ji kamar rashin tarbiyya ne don ka ce yana maka ciwo. Na daɗe ina koyar da Littafin Farawa, na kuma zauna sulhu a gidaje da dama, to bari in faɗa maka kai tsaye: baffanka ya faɗi gaskiya cewa Yakubu ya fi son Yusufu, yana nan a Farawa 37:3, amma ya tsaya a aya ta 3 ne bai karanta ta 4 ba, inda aka ce da 'yan'uwan suka ga haka sai suka ƙi jinin yaron har ko maganar arziki ba sa iya yi da shi. Littafin Farawa yana da wata ɗabi'a, ba kasafai yake tsayawa ya ce maka wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, sai dai ya ba ka labarin ya bar ka ka ga abin da ya biyo baya da idonka. Don an rubuta mutum ya yi abu ba shi ke nuna an yarda da abin ba. Kuma in ka bi gidan nan tun daga kaka har jika za ka ga abin gado ya zama, kowane tsara sai ya ɗauko ciwon da aka ji masa ya ɗora wa na bayansa.

A gidan Ibrahim abin ya faro. Saratu ce da kanta ta ba shi baiwarta Hajaratu saboda rashin haihuwa, aka haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86, sai ga Ishaku ya zo yana da shekara 100. Wato shekara 14 Isma'ilu yana shi kaɗai ne ɗa a gidan, shi ne magaji a idon kowa. Ranar bikin yaye Ishaku sai Saratu ta ce a kori baiwar nan da ɗanta don ba zai ci gado tare da nata ɗan ba. Littafin ya ce maganar ta ɓata wa Ibrahim rai ƙwarai saboda ɗansa ne, kuma gaskiya ne Allah ya ce masa ya bi maganar Saratu, amma a cikin maganar nan ɗaya ya yi alkawari zai mai da Isma'ilu al'umma shi ma. Ni dai duk lokacin da na karanta wurin nan sai zuciyata ta sosu, mutumin da aka ce yana da dabbobi da azurfa da zinariya, ya tashi da sassafe ya sallami mace da yaro da ɗan abinci da salkar ruwa ɗaya. Ruwa ya ƙare a jejin Biyer-sheba, uwar ta ajiye yaron a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kar ta ga mutuwarsa. Wa ya ji kukan? Allah ne. Ka riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da irinsa.

Gidan Ishaku kuma ba kishiya ba baiwa, mace ɗaya ce, 'ya'yan ma tagwaye ne ciki ɗaya, duk da haka gida ya rabu biyu. Shi ya sa nake gaya wa mutane kar su ɗora wa auren mata biyu laifin duka, son kai a zuciyar iyaye yake. Farawa 25:28 ta ce Ishaku yana ƙaunar Isuwa saboda yana cin naman da yake farautowa, Rifkatu kuwa tana ƙaunar Yakubu. Dubi dalilin uban fa, nama. Ƙaunar da ke da sharaɗi ke nan, wanda ke kawo wani abu shi ne ɗan kirki, kuma har gobe ana yin haka, wanda ke turo kuɗi ƙarshen wata shi ake kira in za a yanke shawara, wanda ke zaune a gida yana kai tsoho asibiti ba a ko tuna shi. To da Ishaku ya tsufa idonsa ya dushe, sai ya kira Isuwa shi kaɗai zai sa masa albarka, bai kira matarsa ba bai kira ɗayan ɗan ba, ita kuma Rifkatu tana laɓe tana ji, ta shirya nata. Ta yanka 'yan awaki biyu ta dafa, ta sa wa Yakubu kayan Isuwa, ta rufe masa hannu da wuya da fatar akuya. Miji da mata a gida ɗaya kowa na ƙulla abu a bayan ɗan'uwansa. Tsoho ya shafa ya ce murya ta Yakubu ce amma hannu na Isuwa ne, ya sa albarka.

Mun saba mu wuce Isuwa da sauri muna cewa ai shi ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate, kuma haka ne ya yi wauta. Amma ka zauna ka karanta sura 27 daga aya 34 a hankali. Ƙaton mutum, maharbi, wanda ya haura shekara 40, ya fashe da kuka mai zafi yana cewa baba ni ma ka sa mini albarka, albarka ɗaya tak gare ka baba? In ka taɓa zama ɗan da aka tsallake ba ka buƙatar wani ya yi maka bayanin wannan kukan. Kuma akwai wani ɗan wuri a sura 28 da mutane ba su cika lura da shi ba, da Isuwa ya gane cewa matan da ya aura 'yan Kan'ana ba su gamshi babansa ba, sai ya tafi gidan Isma'ilu ya auro 'yarsa Mahalat, wai ko hakan zai sa a yi farin ciki da shi. Har lokacin neman yardar iyayen yake yi. Ita kuwa Rifkatu da ta ce wa Yakubu gudu wurin ɗan'uwana Laban a Haran ka yi 'yan kwanaki har fushin wanka ya huce, 'yan kwanakin nan suka zama shekara 20, kuma babu inda aka rubuta cewa ta sake sa shi a ido. Ɗan da ta fi so ta rasa shi, wanda ya rage a gabanta kuma ta riga ta cuce shi.

Yanzu mu zo gidan Yakubu, nan ne ya fi kama da naku. Rahila 'yar Laban yake so, ya yi bautar shekara 7 dominta, daren biki Laban ya kai masa yayarta Lai'atu, da gari ya waye ya yi magana sai Laban ya ce a garinmu ba a aurar da ƙanwa kafin ya. Wanda ya shiga gaban wansa da wayo, yau an mayar masa. Ya ƙara wata shekara 7. Daga nan gida ya zama na mowa da bora, kuma ya da ƙanwa ne uba ɗaya.

Ina so ka tsaya a kan Lai'atu, don na san mahaifiyarka ce ke ranka ko da ba ka faɗa ba. Farawa 29:31 ta ce da Ubangiji ya ga ba a ƙaunar Lai'atu sai ya buɗe mahaifarta. Ka ji inda Allah ya tsaya a rikicin gidan, ya duba wadda mijin ba ya dubawa. Sai ka bi abin da take faɗa duk haihuwa. Da ta haifi Ra'ubainu ta ce Ubangiji ya ga wahalata, yanzu kam mijina zai so ni. Bai so ta ba. Ta haifi Saminu ta ce Ubangiji ya ji ba a ƙaunata. Ta haifi Lawi ta ce to wannan karon mijina zai manne mini tunda na haifa masa maza uku. Shiru. Sai a na huɗu, Yahuza, ta ce wannan karon Ubangiji zan yaba, ba ta ambaci miji ba. Amma kar ka ɗauka ciwon ya warke a nan, don a sura 30 za ka ga ɗanta Ra'ubainu ya samo wasu 'ya'yan itace a gona da mutanen lokacin suke nema don haihuwa, Rahila ta roƙa, Lai'atu ta ce kin ƙwace mini miji bai ishe ki ba, suka yi ciniki, Lai'atu ta fita da yamma ta tari Yakubu a hanya ta ce yau ɗakina za ka kwana don na biya. Matar aure, uwar 'ya'ya huɗu, sai ta sayi kwanan mijinta. Yara kuma suna nan suna kallo. Ita ma Rahila ba daɗi take ji ba fa, mowa ce amma ba haihuwa, har ta kai tana ce wa Yakubu ka ba ni 'ya'ya ko in mutu. Babu wanda ya ci riba a gidan nan.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin shi ne farkon sura 33. Yakubu na komawa gida, aka ce masa ga Isuwa nan tafe da mutum 400. Tsoro ya kama shi, to sai ya jera iyalinsa: bayin matansa biyu da su ma suka haifa masa 'ya'ya, Bilha da Zilfa, da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a bayansu, Rahila da Yusufu can ƙarshe. A yi masa adalci, shi da kansa ya wuce gabansu duka ya rusuna sau bakwai. Amma ka yi lissafi, babban yaron, Ra'ubainu, bai wuce shekara 13 ba a lokacin, Yusufu kuwa wajen shekara 6. Yaro mai shekara goma ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar layin nan, ya san in takobi ya fara cin mutane wa zai fara ci, wa kuma aka ajiye inda zai iya tsira. Ranar nan kowane yaro ya san farashinsa a wurin babansa. Isuwa dai bai yi komai ba, ya sheƙo a guje ya rungume ƙaninsa suka yi kuka, har ya ce ina da abin da ya ishe ni ɗan'uwana, riƙe kyautar da ka aiko mini. Amma yaran ba su manta layin ba.

Ka ga ke nan rigar ado da Yakubu ya yi wa Yusufu shi kaɗai ba ita ce farkon abin ba. Kafin ta ma an yi maganar Dinatu a Shekem, 'yar Lai'atu ce aka ci mutuncinta, Yakubu ya ji ya yi shiru, sai Saminu da Lawi 'yan ɗakinsu suka ɗauki doka a hannunsu suka yi mummunan kisa. Ba na wanke su, abin da suka yi ta'asa ce, amma yaran da suka ga uba ba ya tsaya wa ɗakinsu sukan koyi tsaya wa kansu ta hanyar da ba ta dace ba. Sai Rahila ta rasu wurin haihuwar Biliyaminu a hanyar Baitalami, duk ƙaunar da Yakubu ke mata da baƙin cikin rashinta suka koma kan Yusufu. Ni ban ga laifinsa a kan abin da ya ji a zuciya ba, mutum ba ya iya auna so da mudu ya raba daidai, kuma duk mai 'ya'ya in zai faɗi gaskiya ya san akwai wanda jininsu ya fi haɗuwa. Laifin shi ne ya ɗinka abin da ke zuciyarsa ya zama riga, ya sa wa yaro ɗan shekara 17 yana yawo da ita a gaban yayyensa kullum, ya kuma bar shi yana kawo masa rahoton laifinsu, sannan ya aike shi shi kaɗai daga kwarin Hebron ya je ya dubo su. Uban da ke fifita ɗa yana ganin gata yake masa, alhali abokan gaba yake tara masa a cikin gidansu, kuma ranar da abin zai fashe uban ba ya wurin. A Dotan suka tuɓe masa rigar, ita suka fara cirewa, suka jefa shi a busasshiyar rijiya suka zauna cin abinci. Yahuza ne ya kawo shawarar a sayar da shi, ayarin Isma'ilawa masu zuwa Masar suka saye shi azurfa 20. Suka yanka akuya suka tsoma rigar a jini suka aika wa tsoho, suka ce duba ko rigar ɗanka ce. Ɗanka suka ce, ba ƙaninmu ba. Da tufa da akuya ya ruɗi babansa, da tufa da akuya 'ya'yansa suka ruɗe shi.

Na taɓa zama a wani rabon gado, manya ne duka, babban cikinsu da furfura a gemu. Aka yi ta ja a kan wata 'yar gona da ba ta kai a yi ta ɓata rai a kanta ba, har dare ya yi, can sai babban ya ce shi fa ba gonar ce ta dame shi ba. Ya ce suna yara in babansu ya dawo ranar kasuwa da ƙunshin tsire, sai ya shige ɗakinsa ya kira sunan mutum ɗaya, su kuma suna tsakar gida suna jin ƙamshi, in ƙanin ya fito bakinsa da maiƙo sai kowa ya kau da kai. Yana faɗa muryarsa na rawa. Ƙanin da ake magana a kansa ya ce shi bai ma tuna ba, kuma na yarda da shi, don lokacin bai fi shekara biyar ba. Tsohon ya daɗe a ƙasa amma tsiren nan na zaune a tsakaninsu.

To tambayarka ta biyu, me ya sa Allah ya ci gaba da su? Na farko, zaɓen Allah daban, son kan uba daban, kuma baffanka ya haɗa su ne wuri ɗaya. Zaɓen Allah magana ce mai nauyi, Bulus ma ya yi ta fama da ita a Romawa 9, amma ka lura da yadda take tafiya a Farawa. An kira Ibrahim ne don dukan kabilan duniya su sami albarka ta wurinsa. Yusufu da bakinsa ya ce Allah ya aiko ni gabanku don in ceci rai, wato an ɗaga shi ne don ya ciyar da waɗanda suka sayar da shi, kuma hanyar ta bi ta bauta da kurkuku, shekara 13 kafin ya tsaya gaban Fir'auna yana da shekara 30. Waɗanda ba a zaɓa ba kuma ba a yar da su ba. Isma'ilu an yi masa alkawarin sarakuna 12. Zuriyar Isuwa Allah ya ba su dutsen Seyir, har ya gargaɗi Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a 2 cewa ko tafin ƙafa ɗaya ba zai ba su daga ƙasar ba. Kuma ka dubi inda manyan abubuwa biyu na Isra'ila suka fito: firistoci daga Lawi, Musa da Haruna ke nan, sarauta daga Yahuza, Dawuda ke nan har zuwa Yesu Almasihu. Dukansu 'ya'yan Lai'atu ne, ɗakin da maigida ba ya so.

Na biyu, da aka zo ba da Shari'a an hana abin da Yakubu ya yi ƙarara. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta ce in mutum na da mata biyu, yana son ɗaya ba ya son ɗaya, kuma ɗan farinsa na wadda ba ya so ne, ranar rabon gado ba shi da ikon ɗauke matsayin ya ba ɗan wadda yake so, dole ya ba ɗan farin rabo biyu. Littafin Firistoci 18:18 kuma ya hana haɗa ya da ƙanwa a matsayin kishiyoyi. Kamar an kalli gidan Yakubu ne aka rubuta. In baffanka yana son aya, ga aya nan. A Sabon Alkawari ma an ce wa ubanni kar su tsokani 'ya'yansu har su karaya, Kolosiyawa 3:21. 'Yan'uwanmu Musulmi, ko da yake yadda suke karanta labarin annabawa ya bambanta da namu, su ma a Suratu Yusuf 'yan'uwan sun ce Yusufu da ɗan'uwansa sun fi mu soyuwa a wurin babanmu, kuma suna da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir wanda babansa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi ya ƙi zama shaida ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Don haka ko ta ina ka duba a unguwarku babu mai goyon bayan wannan ɗabi'a da hujjar addini.

Amma ga abin da nake so ka ji, ko da ba zai yi maka daɗi ba. Yakubu bai taɓa canzawa ba. Bayan shekara sama da 20, yunwa ta zo, yayyen suka je sayen hatsi a Masar inda Yusufu ya zama mai mulki amma ba su gane shi ba, aka riƙe Saminu a kurkuku a can, aka ce sai an kawo Biliyaminu za a sake shi, me tsohon ya ce? Ɗana ba zai tafi tare da ku ba, ɗan'uwansa ya mutu, shi kaɗai ya rage. Maza tara suna tsaye a gabansa, dukansu 'ya'yansa, yana ce musu shi kaɗai ya rage. Bai yarda ba sai da hatsi ya ƙare. In kana jiran ranar da babanku zai tara ku ya ce na yi kuskure ku yafe mini, ina roƙon Allah ya nuna maka ranar, yana yiwuwa kuma, amma kar ka rataya rayuwarka a kanta.

Wanda ya tsinka igiyar nan Yahuza ne, ba uban ba. Yusufu ya shirya musu jarrabawa iri ɗaya da ta Dotan, a wurin cin abinci ya sa aka ba Biliyaminu rabo ninki biyar a gabansu, sannan ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun yaron, ya ce shi kaɗai zai zama bawa ku sauran ku tafi lafiya. Ga dama ta samu, ɗan mowa na biyu zai fita daga hanyarsu kuma wannan karon ba su da laifi. Sai Yahuza ya matso. Shi ne fa wanda ya ce a sayar da na farkon, amma a tsakanin nan shi ma ya binne 'ya'yansa biyu, Er da Onan, ya san abin da ake nufi da uba ya rasa ɗa. Karanta jawabinsa a Farawa 44 daga aya 18, za ka ga yana maimaita maganar babansu da bakinsa, cewa kun sani matata ta haifa mini 'ya'ya biyu. Ɗan Lai'atu ne ke faɗin wannan, maganar da ta share uwarsa da shi da sauran 'yan'uwansa kamar ba su, ya faɗe ta yadda take bai gyara ba, ya ce ran tsohon a ɗaure yake da ran yaron nan, ku riƙe ni a madadinsa, don ba zan iya ganin abin da zai sami babana ba. Bai ce babansa ya yi daidai ba. Ya dai daina cajin ƙaninsa bashin da babansu ne ya ci. A nan ne Yusufu ya kasa daurewa ya fashe da kuka.

Shi ne abin da zan ce maka game da ƙaninka. Bai zaɓi ɗakin da za a haife shi ba, bai sa kansa a gaban layin kuɗin makaranta ba, kuma ɗan lele ma yana da nasa ciwon da ba ka gani, sau da yawa yana girma ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya da zai kira in ya shiga matsala. Kira shi a waya, je wurinsa ku biyu ba tare da iyayenku mata ba, kar 'yan ubanci ya zama abin da za ku bar wa 'ya'yanku. Kar kuma ka zama mai ɗauko fushin mahaifiyarka kana kai wa ɗakin can, ka kula da ita, ka share mata hawaye da abin da Allah ya hore maka, amma yaƙinta da kishiyarta ba naka ba ne. In kana da 'ya'ya ko za ka yi, ka sa ido a kan kanka sosai, don Yakubu ya san zafin a ce babanka ya fi son wanka, duk da haka ya maimaita, har Yusufu ma da ya sallami 'yan'uwansa kowa ya ba shi tufa, Biliyaminu ya ba shi biyar da azurfa 300.

Sulhu kuma ba rana ɗaya yake gamawa ba. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar kafin ya rasu yana da 147, ya kuma bar wasiyya a kai shi kogon Makfela inda ya binne Lai'atu, amma ana gama jana'iza 'yan'uwan suka tsorata suka ce wataƙila yanzu Yusufu zai rama, suka aika masa da roƙo, shi kuma ya yi kuka da ya ji har yanzu ba su yarda da shi ba. Don haka in ka yi ƙoƙari sau ɗaya sau biyu ka ga ba a sake da kai ba, ba wai abin ya faskara ba ne.

Maganar fili da gida kuwa, haƙuri bai hana ka magana ba. Girmama uba wajibi ne, amma girmamawa ba ta ce ka yi shiru a kan abin da zai raba ku bayan ransa. Kar ka tare shi a gaban amarya ko a gaban yara, kar kuma ka yi ta a rukunin WhatsApp na dangi. Nemi dattijo ɗaya da baban ke jin nauyinsa, abokinsa na ƙuruciya ko faston da ya girme shi, ku je da yamma lokacin da hankalinsa ke kwance. In ka buɗe baki kar ka fara da lissafin abin da aka yi wa wane, fara da cewa kana tsoron abin da zai faru tsakaninku da ƙannenka in ba ya nan, don tsofaffi da yawa ba sa jin ƙorafi amma suna jin wannan. Ku roƙe shi duk abin da ya yi niyya game da dukiyarsa ya faɗe shi yanzu a gaban ɗakunan biyu da shaidu, a rubuta, in da hali a kai wa lauya ya duba, kuma a sa 'yan'uwanka mata a cikin zaman.